Abin da Likita ta Gani a Ƙirjin Safara'u Mai Ƙunshi

Duk wanda ya san layin shagunan da ke bayan tashar Nyanya a shekarun da Abuja ke ta bunƙasa, ya san Safara'u mai ƙunshi, Allah ya jiƙanta. In bai san sunanta ba, ya san wata siririyar mata da kullum take tsugune a ƙofar shago, ƙafar amarya a kan gwiwarta, bakinta kuwa ba ya hutawa. Amma ba wanda ya san ta kamar Saudatu, mai sayar da turaren wuta da humra a shagon da ke jikin nata. Bangon katako ne ya raba su, ta cikinsa suke tsokanar juna daga safe har a tashi kasuwa.

Saudatu Bakanuwa ce, Safara'u kuwa Bazazzagiya. Ranar da Safara'u ta tare a shagon, bayan rusau ya tashe su daga cikin gari, Saudatu ta leƙo ta tambaye ta daga ina.

"Zariya," in ji Safara'u.

"Alhamdu lillahi. Dama ina neman baiwar da za ta riƙa share mini shago."

"Ai kuwa uwargijiya kika samu. Miƙo mini kujerar can. Ko da yake bar ta, kada kafin ta iso ki sayar da ita, na san halin Kanawa."

Daga ranar suka ƙulle. Kwano ɗaya suke ci, in Safara'u ta dama fate Saudatu ta ce abincin marasa haƙori ne ta kuma suɗe kwanon, in Saudatu ta kawo gurasa Safara'u ta ce ashe har yanzu Kanawa ba su gano ana dafa abinci da ruwa ba. Ba a yin yini ɗaya Saudatu ba ta ɗaga murya ta cikin katakon nan ta ce, "Baiwar nan, wata rana ni zan kashe ki in huta," ba. Ita kuma ta amsa, "Ki bari sai na gama wannan ƙafar."

A hirarsu ta tsakar rana Saudatu ta ji labarin ƙuruciyar Safara'u. An haife ta da leɓe baƙi da farce shuɗi-shuɗi, kamar wadda ta tsoma hannu a karofi. Da ta fara girma kan yatsunta ya dunƙule kamar kan makaɗi. In ta yi ɗan tafiya sai haki, sai ta tsuguna, ta haɗa gwiwa da ƙirji, jim kaɗan ta miƙe. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce asma. An sha rubutu, an yi hayaƙi. Da mahaifiyarta, Iya, ta gaji da tambayar mutane, sai ta shiga ƙunsa mata lalle tun ba a yaye ta ba, wani kan wani, har ya zama ba wanda ya ƙara ganin asalin launin farcenta. Yayanta Abdulbaƙi ya raɗa mata suna Ta-tsugune, don in an aike su tare sai ya yi ta jiranta a hanya. 'Yan'uwa kuwa raguwa suke ce mata a bayan ido.

"To tunda Allah ya yi ni mai tsuguno," ta ce wa Saudatu, "sai na nemi sana'ar da ake yi a tsugune."

Da Wakili direban bas ya fito neman aurenta, har nasa dangin sun ce masa wannan ba za ta kai damina biyu ba. Ya ce ko ɗaya ce yana so. Ta yi ɓari sau biyu, a na uku ta haifi Zakiyya a gida, 'yar mitsitsiya, wadda ungozoma ta ce sai dai a naɗe ta a auduga. Yarinyar ta rayu, ta girma, ta fi uwar tsawo. Asibiti kuwa Safara'u ba ta yarda da shi ba. Sau ɗaya wani mai kemis ya ba ta abin shaƙa na masu asma, ta gwada ta ga bai yi mata komai ba, ta bayar. In Saudatu ta matsa mata sai ta ce, "In na je cewa za su yi kwanta. In na kwanta wa zai tashe ni, ke da ko buta ba ki iya ɗauka ba sai an biya ki?"

Shekarun nan kuwa shekarun biki ne. Gidaje na ta tashi, 'yan siyasa da 'yan kwangila na ta aurar da 'ya'ya, kowace amarya kuma tana son a ce hannun Safara'u ne. Da reza da salatif take yanka zanen da za ka rantse bugun inji ne, jan lallenta kuwa in ya kama har ya yi kamar zai yi magana. Motoci masu baƙin gilashi suka riƙa ratso cunkoson Nyanya daga Maitama da Asokoro don ɗaukarta. Sharaɗinta ɗaya ne, ba ta hawa bene. Saudatu ta taɓa raka ta wani gida inda uwar amarya ta aiko cewa su hau sama. Safara'u ta shimfiɗa tabarmarta a gindin matakala ta ce wa 'yar aiken, "Gaya wa Hajiya lalle daga ƙasa yake tsirowa." Amarya ta sauko da ƙawayenta duka, suka jeru a ƙasa. Mutane suka ɗauka girman kai ne. Saudatu kaɗai ta ga yadda ta jingina da bango kafin ta faɗi maganar. Da wannan sana'a Safara'u ta sa Zakiyya a makaranta, ta kai Iya Makka, ta kuma yaye 'yan mata da yawa da yanzu suke cin abincinsu daga Karu har Bwari.

A watan Cika-ciki, ranar da abokan wasa ke bin juna karɓar shara, su biyun suna da tasu al'adar. Wadda ta riga ta fizge ɗankwalin 'yar'uwarta, ita ce uwargijiya har shekara ta zagayo. Kullum Saudatu ce ke ci, don Safara'u ba ta iya bin kowa, sai dai ta rama da baki. A shekarar da Safara'u ta cika arba'in da ɗaya, da hantsi, Saudatu ta sunkuya tana share ƙofar shagonta, sai ta ji iska a kanta. Ta ɗago ta ga Safara'u da ɗankwalinta a hannu, ta tattare zane, tana gudu.

Tun da suke tare ba ta taɓa ganin ta yi gudu ba. Gudu na gaske, ta tsakiyar layin, tana ɗaga ɗankwalin sama tana dariya, masu shago suna ta fitowa kallo. Saudatu ta rufe kanta da gefen mayafi, ta ɗaga tsintsiya ta bi ta tana cewa, "Ku tare mini ita, yau sai na kashe baiwar nan." A bakin famfon da ke ƙarshen layi Safara'u ta tsuguna. Saudatu ta iso ta ɗan bubbuga mata tsintsiya a gadon baya, ita ma dariya ta ci ƙarfinta. Safara'u ta ɗago ta dube ta, ta ce, "Na ci." Sai ta sulale ta gefe.

Kafin a samu mota a kai ta asibiti rai ya yi halinsa. Tashar Nyanya kuwa ba ta rabo da baƙi. Fasinjojin da ba su san ko ɗaya daga cikinsu ba sun ga mace ta bi mace da tsintsiya, sun ji abin da ta faɗa, sun ga ta buge ta, sun ga ta faɗi. Nan da nan wuri ya cika, masu cewa wasa ne ba a jin muryarsu. 'Yan sanda suka janye Saudatu daga cikin taron, suka kuma sa aka ajiye gawar a babban asibitin gwamnati.

A ofishin 'yan sanda aka karɓi bayanin Andrew, wani mai sayar da katin waya da bai daɗe da kama shago a layin ba. Mutumin kirki ne, abin da ya gani ya faɗa. "Oga, ni ban sani ko faɗa ne. Amma kullum wannan madam yana cewa zai kashe shi. Kullum. Ni na ji da kunne na."

Saudatu na tsare a bayan kantar 'yan sanda tana ji, ba ta musa ba. 'Ya'yanta uku suna makaranta a lokacin, ƙaramin ko ɗaure takalminsa bai iya ba, ubansu kuma ya rasu tun yana goye. Amma ba su take tunani ba. Hannunta take kallo.

Bayan azahar Wakili ya iso tare da Abdulbaƙi, wanda ya rufe rumfarsa ta hatsi a Wuse ya taho. An riga an aika a haƙa kabari, likkafani na cikin leda a hannun Wakili. Abdulbaƙi ya yi wa sufeton da ke riƙe da maganar bayani a tsanake: wasan Kanawa da Zazzagawa ne, ya girmi kakannin kowa, su ba su da ƙara, sun yafe, a ba su gawarsu su rufe ta kafin la'asar.

Sufeton ɗan Kudu ne da ya daɗe a Arewa. Ya ce, "Alhaji, na san wannan wasa, na yi aiki a Kaduna. Amma mutum ya mutu a gaban jama'a, kes ɗin ba naku ba ne, na gwamnati ne. Kun ce tana da ciwo. Ina takardar asibiti?"

Babu. Ko kati ɗaya babu.

"To hanya biyu ne. Likita ya buɗe ya duba abin da ya kashe ta. Ko ku sa hannu ba ku yarda ba, ku ɗauki gawa, ni kuma abin da zai rage mini shi ne maganar shaidu. Da shi zan kai madam kotu. Kes na rai ba beli. Za ta zauna gidan yari jiran shari'a, kuma ku kun san yadda jiran nan yake."

Abdulbaƙi ya miƙe tsaye. "A buɗe ta? Ƙanwata? Ta gama wahalar duniya sannan a kwantar da ita a yanka kamar akuya, ta kwana a cikin ƙanƙara? Wakili, ka ji abin da ake faɗa kuwa? Me zan gaya wa Iya?"

A nan Saudatu ta yi magana, karo na farko tun hantsi. Ta kama ƙarfen kantar ta ce, "Yaya Abdulbaƙi na da gaskiya. Malam Wakili, don Allah ku je ku rufe ta. Matar da ko allura ba ta yarda an yi mata ba. Ni na bi ta, ni na buge ta. Ku bar ni a nan, Allah na nan."

"'Ya'yanki fa?" in ji Wakili.

Ta saki ƙarfen.

Wakili mutum ne marar yawan magana, a tasha ma har tsokanarsa ake yi wai Safara'u ta ƙwace rabonsa. Ya ajiye ledar likkafanin a kan benci, ya fita waje ya kira limamin masallacin tasha a waya. Ta taga Saudatu tana hango shi yana kai da komo, yana saurare fiye da yadda yake magana. Da ya dawo ya tsaya gaban surukinsa.

"Yaya, Liman ya ce gaggauta jana'iza haƙƙin mamaci ne, ba wanda ya musa. Amma ya ce in akwai mai rai da za a zalunta, kuma ba wata hanyar kuɓutar da shi sai wannan, to lalura ce. Ni kuma ga tawa. Ka san bakin ƙanwarka. In na rufe ta yau na bar Saudatu a bayan kanta, da wane ido zan dube ta gobe kiyama? Ai tun daga nesa za ta fara."

Abdulbaƙi ya zauna, ya rufe fuska da hularsa. Bai ce ya yarda ba, bai kuma ƙara cewa a'a ba. Wakili ya roƙi abu biyu, mace ta yi aikin, kuma a mayar da komai inda Allah ya ajiye shi. Sufeto ya buga waya, ya ce an dace, akwai likita mace, da safe za ta yi. Wakili ya sa hannu. Wata maƙwabciya ta kwashe 'ya'yan Saudatu zuwa gidanta, ita kuwa ta kwana a inda take.

Washegari rana ta ɗaga sosai sannan sufeto ya zo da kansa ya buɗe ƙofar. "Madam, fito. Likita ta wanke ki. Ba dukan tsintsiyar ba ne, ko shaidar tsinke ɗaya babu a bayanta. Je ki, suna jiranki a asibiti."

Ta tarar da Wakili da Abdulbaƙi da Zakiyya a wani ɗan ofis, tare da likitar, Dakta Lucia, wata gajeriyar mata mai furfura a goshi, 'yar kudancin Kaduna, Hausarta tas. Likitar ta ce ta ƙi fara bayani sai ƙawar ta zo.

Ta dunƙule hannunta ta ce zuciya kamar gida ce mai ɗaki huɗu. Ɓangare ɗaya na tura jini zuwa huhu ya sha iska, ɗayan na tura wanda ya sha iskar zuwa jiki, akwai bango a tsakani don kada su gauraya. "Ita marigayiya da rami a bangon aka haife ta, babban yatsana zai shige. Hanyar da ke zuwa huhu kuma a tsuke take, da ƙyar bututun biro zai wuce. Saboda haka jinin da bai sha iska ba shi ke zaga jikinta tun ranar da ta zo duniya. Shi ne baƙin leɓen, shi ne yatsun. Sai da na kankare lallen farce ɗaya na ga launinsa."

Ta juya wajen Wakili. "An ce kai direba ne. In hanyar Nyanya ta cushe da safe, yaya kuke yi?"

"Sai mu ɓulla ta lungu."

"Haka jikinta ya yi. Na tarar da ƙananan jijiyoyi da ya tsiro da su, ta nan ta can, suna kai jini huhu ta bayan gida. Na daɗe ina wannan aiki, a littafi na fi ganin irinsu." Ta tambaya ko marigayiyar na yawan tsuguno.

Abdulbaƙi da Saudatu suka dubi juna.

"Maganinta ke nan," in ji likitar. "In ta tsuguna sai jini ya ƙara samun ƙarfin shiga huhu. Ba wanda ya koya mata, jikinta ne ya gano. Masu irin wannan zuciya in ba a yi musu aiki ba, da yawa ba sa wuce ƙuruciya. Wadda za ta kai arba'in, ta yi aure, ta haihu a gida ta tashi, ta riƙe sana'a, sai an tona. Da na ga shekarunta a takarda na ɗauka kuskure aka yi."

Saudatu ta yi ta maza ta yi tambayar da ta kwana da ita. "Likita, ki gaya mini tsakaninki da Allah. Gudun ne?"

"Ba zan ce miki gudun bai taɓa ta ba. Amma zuciyar ta riga ta kai ƙarshen ƙarfinta, naman ya yi kauri, duk tabo ne. Da ba jiya ba, da wani satin ne, wajen ɗaga bokiti ko a kan sallaya. Wa ya fara gudun?"

"Ita."

"Tana kuka?"

"Dariya take yi."

"To ki bar mata abinta," in ji Dakta Lucia. Ta dafa kafaɗar Zakiyya ta ce a kawo ta a duba tata zuciyar da na'ura, don a tabbatar. Daga baya an kai ta, an tarar lafiyarta ƙalau.

Abdulbaƙi bai motsa ba sai da kowa ya miƙe. Ya ce, "Likita, maimaita mini. Kin ce yawancinsu ba sa wuce ƙuruciya?" Ta maimaita. Ya gyaɗa kai yana share ido da hannun riga. A zaman makoki kuwa, duk wanda ya zo gaisuwa sai ya zaunar da shi, ya dunƙule hannu kamar yadda likita ta yi, ya nuna masa inda ramin yake. "Da rabin numfashi ƙanwata ta yi duk abin da kuka gani," yake cewa. "Mu masu cikakke me muka yi?" Iya ma da kansa ya je Zariya ya gaya mata, tsohuwar ta ce ita dama ta san ba raguwa ta haifa ba.

A ranar jana'izar, Saudatu ce ta yi wa Safara'u wanka, da ita da wata dattijuwa. Ta ji tsoron yaye mayafin, amma da ta yaye sai ta ga ɗinki ne siriri, a jere tsaf, an rufe shi da farin bandeji. Fuskar kuwa kamar ta mai barci. Ta wanke ta a hankali, tana yi mata addu'a a kunne, ta turara likkafanin da turare mafi kyau da ke shagonta, wanda ta daɗe tana ajiya ba ta sayar wa kowa ba.

Bayan azahar aka fito da ita. Direbobin tasha suka kashe motoci suka bi sahu, har da waɗanda ba sa salla suka tsaya daga gefe, Andrew a cikinsu, ya cire hula. Mata suka tsaya a ƙofar gida har makara ta sha kwana. Allah ya jiƙan Safara'u, ya sa ta huta, ya ba ta numfashin da ba ta samu a nan ba.

Da la'asar Saudatu ta taka zuwa gidan maƙwabciyar da ta riƙe mata yara. Ƙaramin ya hango ta daga bakin ƙofa, ya sheƙo ya rungume ƙafafunta, ya ce an ce masa ta yi tafiya. Ta ce ta dawo. Ta ɗauke shi duk da nauyinsa, manyan biyu suka biyo ta a baya, suka nufi gida.